Warin Taba a Rigar Baba

Ni na raba Baba da taba, kuma ban yi abin a ɓoye ba. Bayan an yi masa tiyata an yanke wani yanki na babban hanjinsa saboda ciwon daji, bai daɗe da dawowa gida ba ya lallaɓa ya tafi shagonsa na kafinta, wai zai duba ko ruwa ya taɓa masa katako. Na bi sawunsa. Na same shi zaune a benci shi da abokinsa mai gyaran agogo, wanda shagonsa ke jikin namu, kowa da karan taba a hannu. Na ɗauki kwalin tabar daga kan teburin aiki, na tsoma shi cikin bokitin da yake wanke burushin fenti, na danne da tafin hannu har ya jiƙe sharkaf.

"La haula!" in ji mai agogo. "Yau ga 'yar da ta haifi ubanta."

"Kawu, da kai ne ubana da naka kwalin ma yana ciki."

Baba ya dubi bokitin, ya dube ni. Tun ina ƙarama yake kirana Lauya, don ban taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ko da ta manya ce.

"To, Lauya, hukunci ya yanku ke nan?"

"Ya yanku. Saura ka yi mini alkawari."

Ya kashe wadda ke hannunsa a ƙafar benci, ya ce ya yi. Tun kafin a haife ni yake shan taba, amma daga ranar ban ƙara ganinta a bakinsa ba.

Ni ce babba a gidanmu, ni ce kuma wadda ta yi karatu mai zurfi. Kimiyya nake koyarwa a makarantar sakandare. Umma ba ta jure warin asibiti, da ta shiga sai jiri ya ɗebe ta, saboda haka ni ce mai raka Baba. Ni na bi layi, ni na yi cacar baki da masu ba da kati, ni na riƙe masa roba lokacin da maganin da ake ɗura masa ta jijiya yake sa shi amai har hawaye su zubo masa. Da safe in tsaya gaban allo, da rana in tsaya gaban tagar ɗakin gwaji. 'Yan uwa sun zo da shawarwari kala-kala, wannan ya ce a kai shi wurin wane, waccan ta ce an taɓa yi wa maƙwabcinta aiki bai tashi ba. Na ce duk mai son taimako ya zo ya karɓe ni a layi. Babu wanda ya zo, sai dai aka ce yarinyar nan boko ya shiga kanta. Ban musa ba.

Da aka gama maganin, likitar da ke duba shi ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Mace ce mai magana a hankali, ba ta ƙara gishiri. Ta ce irin wannan ciwon yakan saki wani sinadari cikin jini, kuma ana iya auna yawansa. Kafin tiyata na Baba ya yi sama ƙwarai, bayan tiyata ya sauko. Duk bayan 'yan watanni za a riƙa ɗiban jininsa. In ya zauna a ƙasa, alama ce mai kyau. In ya fara hawa yana ƙara hawa, to mai yiwuwa ciwon ya dawo, tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa.

"Ba hukunci ba ne," in ji ta. "Kamar sallama ce daga waje. Sai an leƙa a ga ko wane ne."

Su likitoci suna da sunan da suke kiran abin da shi. Mu a gida "lamba" kawai muke cewa. In mun dawo daga asibiti Umma tana bakin ƙofar ɗaki, ba ta tambayar jiki, ba ta tambayar hanya, sai ta ce, "Lamba fa?" In ce tana nan a biyu da ɗoriya. Sai ta ɗaga hannu sama ta koma kicin. Haka muka yi kusan shekara biyu. Baba ya mai da jikinsa, ya koma jan zarto, har tumbi ya fara ajiyewa, mai agogo yana yi masa tsiya wai an yanke hanji amma ciki ya ƙaru.

Sai wani zuwa da muka yi lamba ta ce shida.

Likita ta ce kada mu tayar da hankali, a sake gwaji bayan ɗan lokaci. Aka sake. Lamba ta ce tara. A ranar Baba ya fita nas ta auna nauyinsa, ya rage daga ni sai likita a ofis. Ta jima tana duban allon kwamfutarta kafin ta juyo.

"Malama, yana shan taba?"

Na gyara zama. "Ya daina. Ni na hana shi."

"Kin tabbata? Maza sukan ɓoye."

"Ba ubana ba."

Ta gyaɗa kai, amma ban ga farin ciki a fuskarta ba. Ta ce ta tambaya ne don taba ma tana ɗaga lambar. Ba ta cika kai ta har nan ba, amma ta taɓa gani. Tunda ba ya sha, babu abin da za a jingina hawan da shi, sai a ɗauki hoton cikinsa da na ƙirji. Layin hoton yana da tsawo, sai bayan 'yan makonni.

A motar haya muna komawa gida Baba yana ba ni labarin wata kwabar ajiye kaya da aka ba shi aikinta, ni kuwa hancina nake kaiwa kusa da kafaɗarsa kamar mai gyara zama. Warin katako kawai na ji.

Washegari na tattara kayan wankinsa.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Ke da ɗankwalinki ma sai an kai ruwa rana kafin ki wanke? Yau wace rana?"

"Hannuna ne yake ƙaiƙayi."

Na shiga bayan ɗaki da bokiti, na riƙa ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya ina shaƙar wuya, ina shaƙar hannu, ina zazzage aljihu. Na sami ƙusa, na sami guntun fensir, na sami garin katako. Gumi da gam da sabulu, shi ke nan. Ni da na taɓa jiƙa kwalin taba a gaban mutane, ga ni durƙushe ina roƙon Allah Ya nuna mini ko ƙwayar toka.

Da wanki bai ba ni komai ba, sai na koma shago. Na dace Baba ya tafi sayen ƙusa. Na bincika gwangwanin da yake zuba sukurori, na leƙa bayan katakan da ke jingine da bango, na hau kujera na shafa saman kwabar da bai gama ba. A ƙasa, wajen ƙofar mai agogo, guntayen taba ne birjik. Na shiga wurinsa. Yana sanye da gilashin nan na ido ɗaya, ya sunkuya a kan wani agogon hannu.

"Kawu, tsakaninka da Allah, Baba yana sha?"

Ya cire gilashin da sauri. Ya ɗauka kama abokinsa na zo yi.

"Wallahi tallahi, 'yata, ba ya sha. Mutumin da ko hayaƙina ya doshi wajensa tashi yake? Ya mai da ni bare a kan bencin da muka tsufa a kai."

"Ko sau ɗaya? Ko ka miƙa masa ya ɗan ja?"

"Ko sau ɗaya. Na miƙa har na gaji. Cewa yake Lauya za ta ɗaure shi."

"To wane irin aboki ne kai?"

Ya saki baki yana kallona. Na fita kafin ya ga idona.

Da la'asar na sami Baba a tsakar gida yana wasa bakin kurfinsa na sassaƙa katako a kan dutse, Umma tana gefe tana tsince shinkafa. Na tsaya a kansa.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Ba zan yi faɗa ba. Kana shan taba a ɓoye?"

Hannunsa ya tsaya. Ban taɓa ganin na ɓata masa rai kamar ranar ba.

"Ni kike tambaya haka? Na taɓa ce miki zan yi abu ban yi ba?"

"A'a."

"To me ya kawo wannan?"

Sai na faɗa musu abin da likita ta ce, ban rage komai ba. Umma ta ajiye faranti. Baba ya jima yana shafa bakin kurfin da babban yatsa.

"Wato da na ci amanarki, da yanzu murna muke."

"Da dai muna da abin riƙewa."

"Allah mai iko," ya ce. Ya ci gaba da wasa kurfinsa, ƙarar dutsen ta cika gidan.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga makaranta, ko jaka ban ajiye ba Umma ta jawo ni ɗakinta ta tura ƙofa. Rigar Baba ce a hannunta, shuɗiyar da yake zuwa aiki da ita.

"Shaƙa," ta ce da raɗa.

Na shaƙa. Taba ce, ba ko tantama, har cikin zaren wuyan. Ta zura hannu a aljihu ta fito da kwali, an buɗe, babu kara uku a ciki. Umma tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kin ga munafukin tsoho? Ya tsaya yana yi mana rantse-rantse!"

Na zauna a bakin gado. Na san likita ta ce taba ba ta cika kai lamba har tara ba. Na san haka sarai, ni ce fa mai koyar da kimiyya. Amma ta ce ta taɓa gani, kuma a wannan yammacin wannan kaɗai na zaɓa in tuna.

Da Baba ya dawo na tare shi da kwalin a hannu. Na yi masa tatas. Na ce ya ji kunya, na ce da girmansa da furfurarsa, na ce wa zai ƙara yarda da maganar kafinta. Ina faɗa bakina yana ƙoƙarin yin murmushi. Shi kuwa kansa a sunkuye.

"Sharrin Shaiɗan ne, Lauya. A yi mini afuwa."

"Afuwa? Sai na ɗaukaka ƙara."

Umma ta ce to yanzu ai ba sai an shiga injin hoton nan ba, a bar bawan Allah ya huta. Na ce zan je in gaya wa likita. Wataƙila ta ce ya daina, a sake ɗiban jini, in lamba ta sauko shi ke nan. Ranar mun ci abinci har da ƙari, na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar da aka ce shida.

Kashegari da aka tashi daga makaranta na biya ta shago, da niyyar in ƙwace duk wani kwalin da ya rage kafin in wuce asibiti. Ƙofar a rufe take, abin da Baba ba ya yi da rana. Na zagaya ta gefen taga, wadda ya toshe rabinta da falanki.

Baba yana tsaye daga shi sai singileti. Ya rataye farar rigarsa a ƙusa. Karan taba yana ci a hannunsa, ya miƙa hannun can nesa ƙarƙashin rigar, ya kau da fuskarsa gefe ya toshe hanci da ɗaya hannun. Mai agogo yana fifita hayaƙin da guntun kwali don ya shiga cikin yadin.

"Matso da ita wajen hannun riga," in ji mai agogo.

"A'a, wuya. Wuya take fara shaƙa, na gan ta."

"Kai dai ka ja sau ɗaya mana, bakinka ya ɗauka. Yarinyar nan ta yi karatu, za ta gano ka."

"Na ce mata na daina."

"To ai jiya ka ce mata ka koma."

"Wannan faɗa ce da baki. Ja kuwa aikatawa ne."

"Kai da 'yarka duk kanku ɗaya. Ka ga asarar taba, tana ci a banza kamar turaren wuta."

Na tsaya a wurin har karan ya kusa cinyewa. Na ga ƙashin kafaɗarsa ya fito fiye da yadda na sani. Na ga tabon tiyatar ta inda singiletin ta ɗage. Ban yi kuka ba. Na gyara mayafina, na zagayo, na yi sallama na tura ƙofar.

Mai agogo ya ɓoye kwalin fifitar a bayansa kamar ɗalibin da na kama da satar amsa. Ya ce ya bar wani agogo a buɗe, ƙura za ta shiga, ya sulale.

Na karɓi guntun tabar daga hannun Baba na taka. Na ciro rigar daga ƙusa na miƙa masa.

"Sa rigarka, Baba. Iska za ta kama ka."

Ya sa, yana ɓalla maɓallai ba daidai ba. Na gyara masa.

"Lauya."

"Ranar hoto tana nan yadda take. Za mu je."

"Za mu je," ya ce. Ya zauna a benci. "Uwarki ta yi barci jiya. Har munshari."

"Ni ma na yi."

"To ki bar mata. Zuwa ranar kawai."

Ban saba ƙarya ba, duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya iya ta. Amma na bar mata. Na ce wa Umma likita ta nace sai an yi hoton duk da haka, don a cika ƙa'ida. Kullum da yamma in Baba ya shigo da warin a rigarsa, sai in tashi in yi masa faɗa a gabanta, in ɗaga murya, in buga ƙafa. Umma tana tayawa: "Gaya masa dai! Ni na gaji da magana." Baba ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, gobe ba zai ƙara ba. Wani lokaci idanunmu su haɗu, sai in juya in shiga ɗaki kamar fushi ne ya kore ni. Riƙe robar amai bai kai wannan wuya ba.

Aka yi hoton. Da muka koma karɓar sakamako likita ta juyo mana da allon, ta nuna da bakin biro. Tabo biyu ne a hanta, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ta ce ciwon ne ya dawo ta can. Ta ce an gan shi da wuri, tun bai fara ciwo ba, kuma amfanin gwajin jinin ke nan. Za a koma ɗura magani. Za a ci gaba da auna lamba: in ta sauko bayan zagayen farko, maganin yana kama shi, har ana iya tunanin wata tiyatar. In ta ƙi saukowa, sai a sake shawara.

"In ta ƙi fa, nawa ya rage?" na tambaya.

"Malama, ba zan faɗi abin da ban sani ba."

"To faɗi wanda kika sani."

"Na faɗa."

Ta ɗan shaƙi iska, ta dubi rigar Baba. Duk wankin da aka yi mata warin bai gama fita ba.

"Baba, taba fa? Ka koma ne?"

Kafin ya buɗe baki na riga shi.

"Bai koma ba. Ko sau ɗaya."

Na faɗa, kaina a sama, kamar yadda na faɗa mata karon farko.

Umma tana bakin ƙofar ɗaki da muka shigo. Ta dubi fuskata, ta dubi tasa.

"Amma ai taba ce," ta ce. "Ai mun ga kwalin."

Baba ya ce in shiga ciki, shi zai yi mata bayani. Na ƙi. Na tsaya a wurin yana faɗa mata da bakinsa, daga hanta har zuwa ƙusar da yake rataye riga. Umma ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Har da ke?" Na ce har da ni. Ta shiga ɗaki ta kwaso rigunansa duka, masu datti da wankakku, ta zuba a baho. Har rana ta faɗi tana cuɗa su, ba ta yarda na taɓa ko ɗaya ba. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Ban ba ta haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba, ita ma ba ta nema ba. Wata safiya dai na ga ta ajiye mini shayi a inda ta saba.

An koma ɗura magani. Gashin da ya tsiro ya fara zubewa, yatsunsa suka daina jin sanyi da zafi daidai, ya kasa riƙe ƙananan ƙusoshi. Kwabar nan tana tsaye a shago babu ƙofofi. Bayan zagayen farko lamba ta sauko kaɗan, daga baya ta tsaya cak. Likita ta ce a ƙara zagaye a gani. 'Yan uwa sun dawo da shawarwarinsu, na sake nuna musu layi.

Jiya ma mun je ɗiban jini. Jijiyoyin hannunsa duk sun ɓuya, magani ya cinye su. Nas ɗin ta ɗaure damtsen, ta buga, ta soka, ba ta samu ba. Ta koma ɗaya hannun.

"'Yata, in kin gaji ki ba ni allurar," in ji Baba. "Ni da ido a rufe nake samun tsakiyar katako."

"Baba, ka bar ta ta yi aikinta." Na juya wurin nas. "Gwada bayan hannu, kusa da wuyan hannun. Can aka samu wancan karon."

Ta ɗan harare ni, amma ta gwada. Na riƙe masa yatsu, sun yi sanyi. Jinin ya fito a hankali, da ƙyar ya kai rabin 'yar kwalbar, nas ta ce ya isa. Ban bari a jefa ta cikin tire da sauran ba. Na bi mai kai jinin har tagar ɗakin gwaji, na tsaya sai da na ga an karɓa, sannan na dawo na taimaka wa Baba ya saukar da hannun rigarsa.